Ragar Da Ba Ta Fita: Yadda Tiyatar Rabin Awa Ta Zame Wa Dubban Mata Ciwon Shekaru

A farkon shekarar 2015, Kath Sansom, wata 'yar jarida a yankin Cambridgeshire da ke gabashin Ingila, ta je asibiti domin aikin da aka shaida mata cewa ƙarami ne. Tun bayan haihuwa take fama da ɗigar fitsari, musamman idan tana motsa jiki, kuma ita mace ce mai hawan keke da wasan ruwa. Aka ce za a ɗaura mata wani siririn ƙyallen roba a ƙarƙashin hanyar fitsari, ta koma gida ta ci gaba da harkokinta.

Abin da ya biyo baya shi ne zafi kamar ƙuna a matsematsi da ƙafafu, har tafiya mai ɗan nisa ta gagare ta. Da ta shiga bincike, sai ta tarar ba ita kaɗai ba ce. A shekarar ta buɗe wani zaure a Facebook mai suna Sling the Mesh, da mata 'yan ƙalilan. Daga baya mambobinsa suka haura dubu goma.

Wannan ƙyallen shi ake kira raga. Saƙa ce ta zaren roba mai suna polipropilin, wadda ake dasawa a jikin mace da nufin ta zauna har ƙarshen rayuwa. Cikin kimanin shekara 20 an saka wa miliyoyin mata ita a faɗin duniya. Da yawa sun samu sauƙi, ba su sake waiwayar asibiti ba. Amma dubban waɗansu sun gamu da lalurar da ta fi wadda ta kai su wurin likita muni, kuma labarinsu ya kai ga majalisun dokoki, da kotuna, da neman afuwa daga bakin ministoci.

Ciwon da ake ɓoyewa

A ƙasan marar mace akwai tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe da mafitsara, da mahaifa, da ƙarshen hanji. Ɗaukar ciki, da doguwar naƙuda, da yawan haihuwa, da ɗaukar kaya masu nauyi, da tari mai daɗewa, da tsufa, duk suna sassauta wannan riƙo. Idan ya saki, ɗaya daga cikin abu biyu kan faru, wani lokaci ma duka. Na farko, fitsari ya riƙa kuɓcewa idan mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya. Na biyu, mahaifa ko mafitsara ko hanji ya zazzago cikin farji, har mace ta ji wani abu na leƙowa idan ta tsuguna.

Wannan ɗiga daban take da yoyon fitsarin da aka sani a ƙasar Hausa, wanda ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga na Katsina da cibiyar Laure ta Kano. A yoyon fitsari, huda ce tsakanin mafitsara da farji, fitsari na zuba dare da rana. A nan kuwa babu huda, riƙo ne ya yi rauni.

Tun da daɗewa likitoci suna gyara irin wannan da naman jikin mace kanta: su ɗinke, su ɗaga, su ɗaure. Matsalar ita ce naman da ya riga ya saki yakan sake saki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna cewa kimanin mace ɗaya cikin 9 za a yi mata tiyatar ɗaya daga cikin waɗannan laluri biyu kafin ta kai shekara 80, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na ayyukan maimaici ne. Wannan ne ya sa likitocin mata suka fara hangen abin da takwarorinsu ke amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950 wajen gyaran gwaiwa da ƙabar ciki, wato ragar roba. Tunda ta riƙe bangon ciki, me zai hana ta riƙe mafitsara?

Daga Uppsala zuwa kasuwar duniya

Farfesa Ulf Ulmsten na jami'ar Uppsala a Suwidin shi ne ya fito da dabarar da ta sauya komai. A 1996 ya wallafa sakamakon wani aiki da ake zura siririyar raga ta ƙaramar tsaga a farji, a ratsa ta ƙarƙashin hanyar fitsari, bakinta biyu su fito ta bayan ƙashin mara. Aikin bai fi rabin awa ba, ba sai an tsaga ciki ba, mace na iya kwana a gidanta. Kamfanin Johnson & Johnson, ta hannun reshensa Ethicon, ya karɓi fasahar ya fitar da ita da sunan TVT. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta ba da rahoton cewa yarjejeniyar da kamfanin ya ƙulla da ɓangaren Ulmsten a 1997 ta ƙunshi biyan dala miliyan 1, bisa sharaɗin gwaji na biyu ya ba da sakamako mai kyau kamar na farko.

A Amurka kuma akwai wata ƙofa a dokar kayan asibiti da ake kira 510(k). A ƙarƙashinta, idan kamfani ya nuna cewa sabon kayansa ya yi kama da wanda ke kasuwa, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, za ta iya sahale masa ba tare da an yi gwaji a jikin mutane ba. Ragar farko da aka sahale don ɗigar fitsari ita ce ProteGen ta kamfanin Boston Scientific, a 1996. A 1999 aka janye ta daga kasuwa saboda illolin da ta jawo. Amma ragogin da suka samu izini bisa hujjar kama da ita ba a janye su ba, kuma su ma wasu suka biyo bayansu bisa hujjar kama da su.

Da aka ga kasuwar TVT ta buɗe, sai aka matsa gaba. Daga 2002 aka fara sahale ragar da ake sakawa ta farji don gyaran zazzagowa. Wannan ba siririn ƙyalle ba ce, faffaɗa ce, mai hannuwa da ake zurawa da dogayen allurai ta cikin tsokar matsematsi da ɗuwawu, a wuraren da idon likita ba ya gani. Ethicon ya fara sayar da tasa mai suna Prolift a 2005, kuma sai a 2008 ta samu izinin FDA. A 2010 kaɗai, an saka wa mata kimanin 75,000 irin wannan raga ta farji a Amurka.

Abin da raga ke yi a jiki

An saƙa ragar da ƙananan ƙofofi ne da gangan, domin nama ya tsiro ta cikinsu ya riƙe ta. Ƙarfinta ke nan, kuma daga nan matsalarta ta samo asali. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin baƙon abu, sai ya kewaye ta da tabo. A jikin wasu mata tabon yakan takure, ya ja ragar ta ƙanƙance ta yi tauri, ta riƙa jan nama da jijiyoyin da ke kusa. Bangon ciki, inda aka saba saka ta, wuri ne mai kauri da ake iya tsabtacewa sosai kafin aiki. Farji kuwa fatarsa siririya ce, cike da jijiyoyin ji, yana miƙewa yana motsi, kuma ba a raba shi da ƙwayoyin cuta.

Illar da aka fi gani ita ce ragar ta cinye fatar ta ɓullo cikin farji. Mace ta riƙa ganin jini, da ruwa mai wari, da ciwon sanyi da ba ya jin magani. Wani lokaci miji ne ke fara ganewa, domin zaren robar yakan karce shi a lokacin kwanciyar aure. Akwai waɗanda ragar ta huda musu mafitsara, ko hanyar fitsari, ko hanji. Akwai waɗanda fitsari ya riƙe musu har sai sun zura roba kafin su yi. Sannan ga ciwo: a mara, a matsematsi, a cinya, a ɗuwawu. Matan da aka ratsa musu raga ta ramin ƙashin ƙugu, dabarar da ta fito daga Faransa a 2001, sun fi kukan ciwon cinya da matsematsi. Wasu ba sa iya zama a kujera na minti goma. Wasu sun koma dogara sanda ko keken guragu.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne lokaci. Mace na iya shafe shekara biyar ko goma lafiya lau, sannan ciwon ya taso, musamman bayan al'ada ta ɗauke fatar farji ta ƙara sirancewa. A lokacin ta manta da ƙaramin aikin da aka yi mata, likitan da take gani yanzu bai ma san da shi ba. Gwaje-gwajen farko kuwa yawancinsu sun bi matan ne na ɗan lokaci, kuma abin da suka fi aunawa shi ne ko fitsari ya tsaya, ba ko mace na iya zama, ko tafiya, ko kusantar mijinta ba.

Alƙaluman da suka fito daga baya sun bambanta tsakanin raga da raga. A 2008 FDA ta fitar da gargaɗin farko bayan ƙorafe-ƙorafe sama da 1,000, tana cewa illolin ba kasafai suke faruwa ba. A Yulin 2011 ta janye wannan magana: ta karɓi ƙarin ƙorafi 2,874 cikin shekara uku, ta kuma bayyana cewa kimanin mace ɗaya cikin 10 da aka saka wa raga ta farji don zazzagowa, ragar kan ɓullo mata cikin wata 12. A ƙarshen 2016 mujallar The Lancet ta wallafa sakamakon babban gwajin PROSPECT, wanda jami'ar Aberdeen ta jagoranta. Bayan shekara biyu, matan da aka saka wa raga ba su fi waɗanda aka ɗinke da namansu samun sauƙi ba, kuma kashi 12 cikin 100 nasu sun samu matsalar raga.

Siririyar ragar ɗigar fitsari ta fi sauƙin illa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA a 2018, kan mata 95,057 a Ingila, ya gano cewa cikin shekara 9 an cire wa kashi 3.3 cikin 100 ragar. Wani binciken na 2017 kan mata sama da 92,000 ya gano cewa kusan ɗaya cikin 10 ta samu wata matsala a lokacin aikin ko cikin shekara biyar bayansa. Waɗannan alƙaluma daga rajistar asibiti suka fito, wato sun ƙidaya waɗanda aka kwantar ko aka sake yi wa aiki. Matar da ke gida tana haɗiyar maganin kashe zafi ba ta cikin lissafin.

Kukan da aka ƙi saurara

Wajen dakatar da aikin, Sukotland ce ta fara motsawa, kuma matan da abin ya shafa ne suka motsa ta. A 2014 Elaine Holmes da Olive McIlroy suka kai koke majalisar dokokin ƙasar a madadin ƙungiyarsu, kuma a watan Yunin shekarar sakataren lafiya Alex Neil ya nemi asibitoci su dakatar da aikin. A Ostireliya, hukumar magunguna ta yanke shawarar cire ragar zazzagowa ta farji daga rajista a ƙarshen 2017, kwamitin majalisar dattawa ya fitar da rahotonsa a Maris ɗin 2018, sannan a Oktoban shekarar ministan lafiya Greg Hunt ya nemi afuwar matan a madadin ƙasa.

A Ingila an kafa kwamitin bincike a 2018 ƙarƙashin Baroness Julia Cumberlege. 'Yan watanni da fara sauraron mata, kwamitin ya nemi a dakatar da saka ragar ɗigar fitsari nan take, aka kuma dakatar a Yulin 2018. Shekara biyu kwamitin ya yi yana zagaya Birtaniya, ya gana da mutum sama da 700, ciki har da iyalan da wasu magunguna biyu, waɗanda su ma ke cikin binciken, suka cutar. Rahoton ya fito ranar 8 ga Yulin 2020.

Abin da ya fi taɓa zuciya a cikinsa shi ne yadda labarin matan ya zo iri ɗaya, ko da yake ba su san juna ba. Mace ta koma wurin likita da ciwo, a ce mata girma ne, ko ɗaukewar al'ada ce, ko kuma damuwa ce kawai ke sa ta jin haka. Da yawa ba a gaya musu haɗarin ba kafin aiki. An ce musu za a saka zare ko ƙyalle, ba a ce roba ce da ba ta fita ba. Wasu ba su ma san an saka musu raga ba sai bayan shekaru. Aure ya mutu, aiki ya tafi, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun yi tunanin kashe kansu. Kwamitin ya kuma gano cewa babu wata cikakkiyar rajista da za ta nuna mata nawa aka saka wa raga, wace iri, da abin da ya same su. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a makon da rahoton ya fito.

A Amurka, FDA ta ɗaga ragar zazzagowa ta farji zuwa ajin kaya mafi haɗari a 2016, ta buƙaci kamfanoni su kawo hujja. Ranar 16 ga Afrilun 2019 ta umarci Boston Scientific da Coloplast, waɗanda suka rage a kasuwa, su daina sayar da ita. Ba ta haramta siririyar ragar ɗigar fitsari ba, haka ma ragar da ake sakawa ta ciki don ɗaga mahaifa ko saman farji. Manyan ƙungiyoyin likitocin mata a Amurka har yanzu suna goyon bayan siririyar, suna masu cewa ta taimaki mafi yawan waɗanda aka yi wa.

A gaban alƙalai

Sama da ƙara 100,000 aka shigar a Amurka, aka tattara mafi yawansu a gaban mai shari'a Joseph Goodwin a birnin Charleston na jihar West Virginia. Kuɗin sasantawa da kamfanoni suka biya sun kai kimanin dala biliyan 8. A wata shari'a da aka yi da kamfanin C. R. Bard a 2013, an gabatar da takardar da masu sarrafa ɗanyen robar suka fitar, wadda ta yi gargaɗin kada a yi amfani da ita wajen abin da za a dasa a jikin mutum na dindindin. A 2019 Johnson & Johnson ya amince ya biya jihohi 41 da babban birnin ƙasar kusan dala miliyan 117 kan zargin ɓoye haɗarin ragar a tallarsa.

A Ostireliya, mai shari'a Anna Katzmann ta kotun tarayya ta saurari ƙarar da mata sama da 1,300 suka haɗu suka shigar, na tsawon wata bakwai. A Nuwamban 2019 ta yanke hukunci mai shafi kusan 1,500, inda ta samu Ethicon da Johnson & Johnson da sakaci da kuma ba da bayanan da ke ɓatar da likitoci da marasa lafiya. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, kuma a 2022 aka sasanta kan dalar Ostireliya miliyan 300. A Ingila sai a 2024 mata 140 suka samu sasantawa da kamfanoni uku. A watan Fabrairun shekarar, Dokta Henrietta Hughes, kwamishinar kare marasa lafiya, wadda kujerarta ta samo asali daga shawarar kwamitin Cumberlege, ta ba gwamnati shawarar ta fara biyan kowace mace da raga ta cutar fam 20,000 kafin a kammala lissafin diyya.

Sakawa da sauƙi, cirewa da wuya

Kuɗi ba ya fitar da raga. Bayan 'yan watanni da sakawa, ta riga ta zama ɗaya da nama, cire ta kamar zare rodi ne daga kankaren da ya bushe. Likita zai yi ta yanka a kusa da mafitsara, da hanyar fitsari, da manyan jijiyoyin jini, yana bin zare ɗaya bayan ɗaya. Hannuwan da suka shige tsokar matsematsi sai an tsaga cinya kafin a kai gare su. Mafi yawan likitocin da aka koya wa sakawa ba a koya musu cirewa ba.

Shi ya sa mata da yawa aka yanke musu ɓangaren da ya ɓullo kawai, aka bar sauran. Wasu an shiga da su ɗakin tiyata sau biyar, wasu fiye da goma. A Sukotland wasu matan sun yi ƙorafin cewa an rubuta a takardunsu an cire raga gaba ɗaya, daga baya aka sake samun guntayenta a jikinsu. Da amana ta zube, wasu suka ci bashi suka tafi birnin St. Louis na Amurka wurin Dokta Dionysios Veronikis, wanda ya yi suna a wannan aiki. A 2022 majalisar Sukotland ta yi dokar mayar musu da kuɗin da suka kashe, gwamnati kuma ta buɗe hanyar tura mata can ko wani asibiti a Bristol. Ingila ta ware cibiyoyi 9 na musamman, inda likitan mata, da na mafitsara, da na hanji, da masanin ciwo, da mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, da likitan ƙwaƙwalwa ke aiki tare. Ko an cire ragar duka, ɗigar fitsarin na iya dawowa, kuma jijiyar da ta riga ta lalace ba lallai ta daina ciwo ba.

Abin da ya kamata mace ta tambaya

Zazzagowar mahaifa da ɗigar fitsari ba na Turawa kaɗai ba ne. A inda mace ke haihuwa shida ko takwas, tana daka tana ɗauko ruwa kafin ta gama wankan jego, lalurar tana nan, sai dai kunya ta rufe ta. Masu hali kuma suna fita Indiya, Masar ko Dubai neman magani, kuma haramcin da wata hukuma ta yi a Amurka ko Ostireliya iyakarsa ƙasarta.

Akwai hanyoyin da ba sa barin raga a jiki. Ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2019 ta ce a fara da atisayen matse tsokar ƙasan mara a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla wata uku don ɗigar fitsari, aƙalla mako 16 don zazzagowar da ba ta yi tsanani ba. Akwai zoben roba mai laushi da ake sakawa a farji ya tallafi mahaifa, wanda ake cirewa a wanke a mayar. Idan ta kai ga tiyata, akwai aikin Burch da aka sani tun 1961, inda ake ɗaga wuyan mafitsara da ɗinki, akwai kuma wanda ake yanko jijiya daga bangon cikin mace kanta a yi mata maɗauri da ita. Waɗannan sun fi daɗewa a ɗakin tiyata, jinyarsu ta fi tsawo, kuma su ma suna da nasu haɗarin.

Duk matar da aka ce za a yi wa aiki a wannan sashe na jiki, haƙƙinta ne, da na mijinta ko 'yar'uwar da ta raka ta, su tambayi likita kai tsaye: za a bar wani abu a jiki? Da me aka yi shi? Idan ya ba da matsala, wa zai cire, a wane asibiti, nawa ne kuɗin? Wadda kuma aka taɓa yi wa aiki, sannan ta fara ganin jini, ko ciwon sanyi mai dawowa, ko zafi wajen kwanciyar aure, ko ciwon matsematsi da ba a gano dalilinsa ba, ya kamata ta ambaci tsohon aikin ga likita ko da ya shekara goma.

Tarayyar Turai, a dokarta ta kayan asibiti da ta fara aiki a Mayun 2021, ta sanya ragar tiyata a ajin kaya mafi haɗari, ta kuma wajabta a ba duk wanda aka dasa wa irin wannan abu kati mai ɗauke da sunan kayan, da kamfanin da ya ƙera shi, da lambarsa. Matar da aka yi wa aiki a Alƙahira ko Delhi ko Abuja tana iya neman a rubuta mata waɗannan bayanai kafin a sallame ta, haɗe da hanyar da aka bi wajen sakawa, domin su ne likitan da zai cire raga yake fara nema kafin ya sa ranar aiki.